Ciyawar Roba da Ciyawa Mai Rai a Tsakar Gida

A al'adar Bahaushe, ciyawa a tsakar gida alamar kufai ce. Gidan da ke da mutane, tun da sassafe ake jin ƙarar tsintsiya a cikinsa, a share, a yayyafa ruwa domin ƙura ta kwanta. In kuwa wani tsiro ya yi ƙarfin halin leƙowa a gindin katanga, ba ya kwana biyu sai an tuge shi. Magabata sun san daɓe, wanda mata kan taru su buga da madaɓi, suna zuba masa ruwan makuba har ya yi tauri, sun kuma san farin yashi da ake shimfiɗawa a ƙofar ɗaki. Ita ciyawa tana da muhallinta da aikinta a can daji: gamba ta zana ce, tofa ta jinka, harƙiya ta doki. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa a shuka ta, a yi mata ban ruwa, a riƙa yi mata aski, alhali ba ci za a yi ba, ba kuma dabba za a ba ba.

Turawan mulkin mallaka ne suka zo da wannan ɗabi'a. A ƙasarsu Ingila babu watan da ruwan sama ba ya sauka, ranarsu kuma ba ta da kaifi, don haka ciyawa kan zauna kore shar ba tare da wata wahala ba. Tun a 1830 wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yanke ta. Da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai aka yanka wa Turawa manyan filaye, kowane gida da harabarsa da mai kula da lambunsa. Bayan samun mulkin kai a 1960 manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen, suka gaji ciyawar, suka kuma gaji sha'awarta. Sannu a hankali koriyar haraba ta zama shaidar cewa mai gida ya yi boko, ya kuma samu.

A Unguwar Rimi, wadda ke arewa da kogin Kaduna, akwai wani dattijo da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati kafin ya yi ritaya. Mutanen layinsu Alhaji kawai suke ce masa. Tun yana ƙaramin akawu yake wucewa ta gidajen manya a kan keke, yana leƙen harabarsu ta saman shinge, yana raya wa ransa cewa wata rana shi ma zai taka irin wannan ciyawa a gidansa. Da ya gina nasa gidan, kuɗi suka ƙare a kan rufi da ƙofofi, daga nan hidimar makarantar yara ta ɗauke sauran. Tsakar gidan, wadda tsawonta mita 10 ne faɗinta ma 10, ta zauna yadda Allah ya yi ta: jar ƙasa mai caɓi da damina, mai ƙura da rani, da bishiyar mangwaro guda a kusurwar gabas.

Sanya ranar bikin autarsu shi ya tayar da maganar. Babban ɗansu, wanda ke aiki a Abuja, ya zo gida ya tsaya ya ƙare wa tsakar gidan kallo, ya ce bai kamata surukai su zo su tarar da ita haka ba. Ya ce ya ɗauki nauyin shimfiɗa ciyawar roba daga bakin zaure har ƙofar kicin, irin wadda ake yayi a sababbin gidajen Abuja. "Baba, kwana biyu za a gama," in ji shi, "ba ban ruwa, ba yanka, kore take rani da damina." Alhaji ya sa masa albarka, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Hajiya kuwa, wadda saboda alkunya ba ta taɓa ambaton sunan ɗan farinta ba, cewa kawai ta yi yaron nan ya kyauta, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ita wannan ciyawa ta roba ba tsohuwar aba ba ce. A 1965 aka buɗe wani katafaren filin wasa mai rufi a birnin Houston na ƙasar Amurka, mai suna Astrodome. Rufin yana da tagogi masu shigar da haske, amma da hasken ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido sai aka shafe wasu da fenti, ciyawar da aka shuka a ciki ta rasa rana ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa wadda kamfanin Monsanto ya saƙa da zaren roba, aka yi mata suna AstroTurf. Daga nan ta bazu a duniya. Zaren nata daga sinadaran man fetur ake samar da shi, a dasa shi a jikin shimfiɗa kamar yadda ake yin darduma, a huda ƙananan kafofi domin ruwa ya wuce. 'Yan Nijeriya da yawa sun fara saninta sosai ne a 2009, lokacin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Kaduna da Kano na cikin biranen da suka karɓi baƙuncinta, aka kuma buga wasu wasannin a kan filin roba, kamar na Teslim Balogun a Legas. Daga filayen ƙwallo ta shiga makarantun kuɗi da wuraren biki, daga nan ta shigo gidaje.

A gaskiya abin da yaron ya faɗa ba ƙarya ba ne. Ciyawar roba ba ta shan ruwa, ba ta neman taki, ba ta tsawo balle a nemi mai yanka, ba ta kuma yin caɓi. Ga tsoho mai zaman fansho wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma zuciyar Alhaji tana ga mai rai, wadda ya yi shekara da shekaru yana mafarki. Saboda haka, da yake mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin lissafi, sai ya ɗauko takarda da alƙalami ya zauna.

Masu ilimin shuke-shuke kan ƙiyasta cewa ciyawar haraba na buƙatar ruwa kimanin milimita 25 a kowane mako kafin ta zauna kore, a lokacin zafi ma fiye da haka. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Ashe tsakar gida mai murabba'in mita 100 za ta sha lita 2,500 a mako, wato jarka 100 mai cin lita 25. Idan kurar ɗan ga-ruwa na ɗaukar jarka 10, kura 10 ke nan duk mako. Da damina wannan ba abin damuwa ba ne, domin Kaduna kan sami ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara. Sai dai kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka. Daga Nuwamba zuwa Maris, wajen mako 20, sama ba ta ba da komai, iskar hunturu kuma tana zuƙe ɗan danshin da ya rage. Da Alhaji ya ninka 2,500 sau 20 ya ga lita 50,000, sai ya ajiye alƙalamin ya yi shiru.

A nan ne gizo ke saƙar. Gidan yana da rijiyar burtsatse, kuma tun ranar da aka haƙa ta Alhaji ya sa aka fitar da kan famfo ɗaya waje ta jikin katanga, domin maƙwabta su riƙa ɗiba. Kullum da safe da yamma yara da mata kan jera bokitai a wurin. Garin Kaduna a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogi, saboda haka rijiyoyi da yawa kan ja baya idan rani ya yi nisa. Tasa rijiyar ma a watan Maris sai an riƙa ba ta hutu kafin ta cika tanki. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta domin jan ruwa ya zama abin da sai an yi tunani. Duk jarkar da ciyawa za ta sha a bazara, daga bakin wancan famfo na waje za a rage ta. Alhaji ya tambayi kansa da wane ido zai dubi yarinyar da ta zo da bokiti aka ce mata babu ruwa, alhali tana jiyo ƙarar tiyo yana feshi a bayan katanga.

Ba ruwa kaɗai ba ne wahalar mai rai. Da damina sai an yanke ta duk mako ko mako biyu, ko da inji ko da langalanga. In aka yi sakaci ta yi tsawo, sauro ya sami wurin fakewa, maciji ma ba ya ƙin irin wannan masauki. Gara na cin ta idan ta bushe, aya-aya kuma in ta shiga cikinta fitar da ita sai an sha fama. Da ya jera waɗannan duka, sai ya ga kamar yaron ne da gaskiya, har ya fara shirin aika masa cewa a turo ma'aikata.

Amma gani ya kori ji. Akwai wani abokin aikinsa na da a Malali wanda ya shimfiɗa irinta shekaru kaɗan da suka wuce, sai Alhaji ya kai masa ziyara bayan azahar, a tsakiyar watan Maris. Daga bakin ƙofa abin gwanin sha'awa, kore shar kamar an zana. Da ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa, bai san lokacin da ya janye ta ba. Mai gidan ya yi dariya, ya ce ai daga hantsi zuwa la'asar ko kyanwa ba ta bi ta kai, jikokinsa ma sai bayan magariba suke wasa a wurin. Dalilin haka a fili yake. Ciyawa mai rai tana jan ruwa daga ƙasa tana fitar da shi ta ganye, kamar yadda randa ke tsatsafo ta sanyaya abin da ke cikinta. Roba kuwa zafin take haɗiya ta riƙe. An sha auna irin wannan shimfiɗa a tsakar rana a tarar ta haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, alhali ciyawa mai rai da ke gefenta ba ta wuce zafin iskar wurin da wani abin kirki ba. Ko a Kanada mai sanyi, da aka buga gasar cin kofin duniya ta mata a kan filayen roba a 2015, 'yan wasa sun koka da zafinta da yadda take goge fata. To ina ga Kaduna a bazara?

Abokin bai ɓoye masa sauran ba. Ya ce ƙurar hunturu na shigewa tsakanin zaren ta zauna, sai an bi da buroshi da ruwa. Ganye da kashin tsuntsu da fitsarin yara, waɗanda ƙasa kan shanye ta mai da su taki, a kan roba nan suke tsayawa har sai an wanke, in ba haka ba wari ya tashi. Ashe ita ma tana shan ruwa, ta bayan gida. Bugu da ƙari, ba ta dawwama. Galibi bayan kamar shekara 10 launinta ya koɗe, zaren ya kwanta ya fara karyewa, sai a naɗe a sayo wata. Tsohuwar kuma ba ta ruɓewa, ƙona ta guba ne, jefar da ita ƙari ne a kan ledojin da suka riga suka cushe magudanun ruwa. Ɓarɓashinta ma ruwa kan kwashe zuwa kogi. Irin wannan damuwa ce ta sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023, wadda za ta hana sayar da ɓarɓashin robar da ake zubawa a filayen wasa daga 2031.

A hanyarsa ta komawa gida wani tunanin ya zo masa. Kafin a shimfiɗa roba sai an kankare ƙasar sama, a zuba tsakuwa a danne, wasu ma siminti suke malalawa. Ƙasar da aka yi wa haka ta rage shan ruwan sama ke nan, abin da ya sauka sai ya nemi hanyar lambatu. Mutumin Unguwar Rimi ba ya buƙatar a ba shi labarin inda ruwan lambatu ke zuwa. Alhaji yana gari a watan Satumba na 2003, lokacin da kogin Kaduna ya cika ya batse, ya shiga unguwannin da ke bakinsa ya raba dubban mutane da gidajensu. Tsakar gida ɗaya ba ta kawo ambaliya, amma da ɗaiɗaya ake rufe ƙasar gari, kuma rijiyar da yake taƙama da ita daga wannan ruwan da ke nutsewa take samun abin da take bayarwa.

Da dare ya zayyana wa Hajiya duk abin da ya gano, na mai rai da na roba, ya ce shi kam ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Alhaji, duk lissafin nan naka ban ji inda ka sa murhu ba. Ranar bikin nan a ina za a girka tukwane? In garwashi ya faɗo a kan robar yaron nan, me zai rage? Ragon layya a ina za a yanka shi, a ina za a yi babbaka? Turmi fa, da wanki, da shanyar kuɓewa da barkono? Ita mai ran ma, in mata hamsin suka yini a kanta da tabarmi, ka ga bayanta. Ku duka biyun kallo kuke so ku yi, mu kuwa a cikinta muke yini."

Wannan magana ita ta warware ƙullin. Shi da ɗansa duk sun ɗauki tsakar gida a matsayin abin da baƙo zai gani idan ya shigo, shi yana hango harabar manya ta zamanin ƙuruciyarsa, yaron yana hango gidajen Abuja. A gidan Bahaushe kuwa tsakar gida ɗaki ce marar rufi, kuma ta fi kowane ɗaki aiki. A nan ake girki da daka da wanki, a nan ake suna da biki da zaman makoki, a nan yaro ke koyon tafiya, a nan ake shimfiɗa tabarma a sha iska idan zafi ya hana barci a ɗaki. Harabar Bature ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa ta iya zama kore daga bango zuwa bango.

Sauran bayanin daga bakin wani tsoho mai sayar da furanni a gefen titi ya fito, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kula da lambunan gidajen gwamnati. Da Alhaji ya ba shi labarin jarka 100, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce dole ta zauna kore da rani? Ka shuka kiri-kiri. In ruwa ya ɗauke za ta bushe ta yi ja kamar ta mutu, amma barci take yi. Ruwan farko in ya sauka, ka ba ta kwana goma." Kiri-kiri dai ita ce ciyawar nan mai yaɗo da manoma ke ƙi saboda naci, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa, ko an sare ta sai ta dawo. Nacin da ya sa ta zama annoba a gona shi ne ya sa ta dace da haraba, domin tana jure taku, tana jure fari. Sharaɗinta guda ne, tana son rana, ba ta yin kyau a inuwa.

A kan haka Alhaji ya raba tsakar gidan uku. Ɓangaren kicin da madafa, wanda ya fi girma, aka daidaita shi aka danne, aka zuba yashi, aka jera bulon shimfiɗa a hanyar da ake bi domin maganin caɓi, ba tare da an liƙe tsakaninsu da siminti ba. Gindin mangwaro aka bar shi wurin tabarma, aka ƙara dasa gwaiba da zogale a jikin katangar yamma. A tsakiya, inda rana ke yini, aka ware murabba'in mita 25 kacal, aka zuba taki, aka jira saukar damina sannan aka dasa kiri-kiri. Ya yanke cewa da rani ba za a ba ta komai ba sai ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka marar sabulu.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne sanar da yaron, domin mayar da kyautar ɗa ba abu ne mai sauƙi ba, balle ɗan da ya yi niyyar fitar da iyayensa kunya. Bai aika saƙo ba, sai da ya jira ya zo, ya zaunar da shi ya nuna masa takardar lissafin, ya kuma maimaita masa maganar mahaifiyarsa. Sannan ya roƙe shi abu biyu: ya sayo robar daidai faɗin baranda, inda rana ba ta kaiwa kuma siminti ne da ma, domin jikoki su sami wurin birgima, ragowar kuɗin kuma a ƙara tankin ruwa. Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "To Baba, yadda kuka gani." Ba a ce ransa ya so ba. Har yanzu in ya zo da rani ya ga ciyawar ta yi ja, yakan ce gidan kamar ba a gama shi ba, uban kuma ya yi murmushi ya kawar da zancen.

An yi biki da kaka, ciyawa na kore, tukwane na tafasa a kan yashi. Daga Disamba ta bushe, kuma Alhaji bai sami harabar da ya yi mafarki ba, wadda ke kore wata goma sha biyu. Abin da ya samu shi ne tsakar gida mai bin yanayin garinsu, ta yi kore in daji ya yi kore, ta yi ja in ya yi ja, famfon waje kuma bai daina zuba ba.

Ba kowane gida ne amsarsa za ta zama wannan ba. Mai ɗan fili a saman bene ko a inuwar gini, wanda ba ya girki a waje, roba na iya yi masa amfani. Mai wadataccen ruwa da mai kula da lambu yana iya shuka mai rai ya more ta. Abin da ya wajaba ga kowa shi ne ya yi tambayoyi uku kafin ya kira ma'aikata: me ake yi a wurin nan kullum, ruwan wa za a sha, kuma ina abin zai tafi idan ya tsufa? Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu iya magana. Mai son sanyi da kore a Kaduna kuwa, ya tuna cewa Rimi da Kawo da Gamji, waɗanda garin ke kiran wurarensa da su, duk sunayen itatuwa ne. Itace in ya kama ƙasa ba ya neman tiyo, kuma inuwarsa tana da amfani a daidai lokacin da ciyawa, ta roba da mai rai, ba ta da abin da za ta ba mutum.